Kofaraji, akwatin da ake zuba kankare a ciki

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa, ta ratsa Buza da Keita, ta nufi Tawa, zai ga manyan rumbunan laka a gefen garuruwa. Waɗansu sun fi ɗaki tsawo. Maginin rumbu ba ya neman katako, ba ya neman ƙusa. Yakan kwaɓa laka da ciyawa, ya ɗora zagaye ɗaya, ya bar shi ya sha iska, sa'an nan ya ɗora wani bisansa. Inda hannu ya aje laka, nan take tsayawa.

Bisa wannan hanya akwai kuma gine-gine na wani iri dabam. Akwai azuzuwan makaranta, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyin siminti, da shaguna masu bene. Akwai daɓen da ake yi ma hanya a wurin da ta ƙetare ƙorama, domin kada ruwan damina ya cinye ta. Waɗannan duka akwai kankare a jikinsu, wanda magina suke ce ma beto.

Halin kankare ba ɗaya yake da na laka ba. Sa'ad da aka gama kwaɓa shi, kamar kunu mai kauri yake. In aka zuba shi a fili sai ya malale. Tilas a yi masa mazubi wanda zai riƙe shi har ya daskare. Wannan mazubi shi ne kofaraji. Sunan daga Faransanci ya fito, daga wata kalma mai nufin akwati.

Kofaraji ba ya daɗewa a jikin gini. Wani kwana biyu yake yi, wani mako uku ko huɗu, sai a cire shi. Wanda ya zo bayan an gama aiki ba zai gan shi ba. Amma siffar da yake da ita, ita ce kankare zai ɗauka muddin ginin yana tsaye. In akwatin ya karkace, ginshiƙi ya karkace ke nan. In ya buɗe ciki, ginshiƙi ya yi tumbi. Laka in ta karkace ana jiƙa ta a gyara. Kankare kuwa sai da guduma, kuma simintin da aka sa ya tafi asara.

Abin da ake zubawa

Abu huɗu ake haɗawa a samu kankare: siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa. Mutanen Adar ba su yi nisa da gidan siminti ba. A Malbaza, tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni, masana'antar siminti ta farko ta ƙasar Nijar ta fara aiki a shekarar 1966. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a wuta mai zafin digiri 1450, a niƙa su. Wurin niƙa ana ƙara wani farin dutse mai ƙyalli da ake kira jips, wanda ake samu a ƙasar Adar. Amfaninsa shi ne ya hana siminti daskarewa tun ba a kai ga zuba shi ba.

Domin ginshiƙi ko rufin bene, magina sukan sa buhu 7 na siminti mai kilo 50, da yashi litir 400, da tsakuwa litir 800, da ruwa wajen litir 175. Wannan yana ba da metir kib ɗaya na kankare, wato cikin akwati mai tsawon metir ɗaya, da faɗin metir ɗaya, da zurfin metir ɗaya.

Mutane da yawa suna tsammani bushewa kankare yake yi, kamar yadda tubali yake bushewa a rana. Ba haka ba ne. Ruwan da aka sa yana haɗuwa da siminti ne, su biyu su zama dutse, su manne yashi da tsakuwa. In ruwan ya tsere tun bai gama aikinsa ba, kankaren ba zai yi ƙarfi ba. Saboda haka aikin kofaraji biyu ne. Yana riƙe siffa, yana kuma riƙe ruwa.

Nauyi da turi

Metir kib ɗaya na kankare yana da nauyin kilo 2400. A ɗauki shago mai tsawon metir 4 da faɗin metir 4. In za a rufe shi da dal, wato shimfiɗar kankare, mai kaurin santimetir 15, za a zuba kilo 5760. Wannan ya kusa nauyin buhu 58 na gero mai kilo 100. Ga kuma nauyin ƙarafan da ke ciki, ga na ma'aikatan da ke tafiya a sama da bokitai. A ranar zubi babu abin da ke ɗauke da wannan kaya sai katako da sanduna.

Ban da nauyi, ɗanyen kankare yana turi ta gefe, kamar ruwa. Ana iya ganin haka da gwangwani. In aka huda shi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, aka cika shi da ruwa, hudar ƙasa ce take tsarto ruwa da ƙarfi. Haka abin yake a akwatin ginshiƙi. Ginshiƙi mai faɗin santimetir 20 kowane gefe da tsawon metir 3 bai kai kilo 300 ba. Amma in aka cika akwatinsa da sauri, turin da ke can gindi yana iya kai tan 7 bisa kowane murabba'in metir. Shi ya sa akwatin ginshiƙi daga ƙasa yake fashewa. Gwanin kafinta yakan sa ɗauri kusa da kusa a gindi, ya riƙa ba su tazara yayin da yake hawa sama.

Katako

Kayan kofaraji da aka fi sani shi ne katako. Amma itatuwan da ake yanka katako da su ba su tsirowa a Adar. Gawo da aduwa da magarya da bagaruwa ba su ba da dogon allo miƙaƙƙe. Katakon da ake gani a kasuwannin Madawa da Ƙonni da Maraɗi da Tawa, daga dazuzzukan kudu yake zuwa, daga Najeriya da Gana da Kodebuwa. Kafin ya iso ya yi tafiya mai nisa bisa manyan motoci, an biya kuɗin mota, an biya kuɗin kwastan. Wanda zai kai shi Buza ko Keita zai ƙara wani kuɗin. Don haka katako a nan ba abin wasa ba ne.

Masu sayarwa sun raba shi gida biyu, fari da ja. Jan katako yana da nauyi da ƙarfi da tsada. Da shi ake yin ƙofofi da tebura. Farin katako shi ne na kofaraji. Yawancinsa daga wani babban icce ake yanka shi, wanda ake kira samba a Kodebuwa, wawa a Gana, obece a Najeriya. Ba shi da nauyi, zarto yana cinsa da sauƙi, ƙusa tana shigarsa ba tare da ya tsage ba. Aibinsa shi ne gara tana sonsa ƙwarai. Allon da aka bari a ƙasa ƴan kwanaki, sai a ɗaga shi a tarar ta fara ci.

Allon kofaraji yakan yi faɗin santimetir 30 da kaurin santimetir 2 da rabi ko 3. Shi kaɗai ba ya jure turin kankare, lanƙwashewa yake yi. Sai an kafa masa waɗansu katakai masu kusurwa huɗu a baya, waɗanda ake kira shabaro. Allo shi ne fatar akwati, shabaro su ne haƙarƙarinsa.

Yanayin Adar yana wahalar da katako. Da bazara zafi yana wuce digiri 40. Da hunturu iska tana tsotse danshin kowane abu. Allon da ya baro ƙasa mai laima, in ya kwana biyu a rana sai ya murɗe, ya yi baka, bakinsa ya tsattsage. Saboda haka ake jera alluna a inuwa, a kwance, bisa bulo ko duwatsu. Kuma kafin a zuba kankare ana yayyafa ma akwatin ruwa har ya jiƙe. Dalili biyu ne. Busasshen katako yana shanye ruwan kankare. Jiƙaƙƙe kuwa yana kumbura, sai ƴan kafofin da ke tsakanin alluna su rufe.

Waɗannan kafofi ƙanana ne, amma ɓarnarsu babba ce. Ta nan ruwan siminti yake zurarewa, ya bar tsakuwa tsirara. Ranar da aka buɗe akwati sai a ga jikin ginshiƙi da ramuka kamar saƙar zuma. Mai ha'inci yakan yi maza ya shafe wurin da siminti kafin mai gida ya zo. Daga waje ya yi kyau. A ciki kuwa danshi yana samun hanya zuwa ga ƙarfe, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren bayan ƴan shekaru. Kafinta mai gaskiya yakan toshe kafofi tun da fari, ko da takardar buhun siminti ce.

Allo ɗaya yakan yi aiki sau uku ko huɗu, in an kankare shi, an cire masa ƙusoshi a hankali. Mai yanka alluna barkatai, ba tare da ya auna ba, shi ne yake cinye kuɗin mai gida.

Akwai kuma katakon masana'anta da ake kira kwantarfilake, a Najeriya kuma filawud. Ana fere gungumen icce siriri-siriri kamar takarda, a manna feren bisa juna, wannan a tsaye, wannan a gicciye. Saboda wannan gicciyawa ba ya tsagewa, ba ya saurin murɗewa. Falle ɗaya yana da faɗin metir 1 da santimetir 22, da tsawon metir 2 da santimetir 44, ya kusa rufe murabba'in metir 3 ba tare da kafa ko ɗaya ba. Mai kaurin milimetir 15 ko 18 ake shimfiɗawa ƙarƙashin dal. Siririn kuwa, mai milimetir 4 ko 5, yana lanƙwasuwa, da shi ake fitar da bakan ƙofa. Akwai wani mai baƙar fuska mai santsi, wanda ruwa ba ya shiga. Ya fi tsada, amma yana yin aiki sau goma ko fiye, kuma kankaren da ya fito daga cikinsa sumul yake. Raunin kwantarfilake a bakinsa yake. In ruwa ya shiga ta nan sai fallayen su rabu.

Sandunan tokara

Akwatin dal a sama yake, tilas a tokare shi daga ƙasa. A shagon nan mai metir 4, in aka kafa sanda ɗaya a kowane metir, ana bukatar jeri 5 na sanduna 5, wato sanda 25. Gidan bene yana cin ɗaruruwa. Kowace sanda kuwa reshe ne babba, ko ɗan icce guda da aka sare. A ƙasar da itatuwa suka yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai itatuwan da doka ta tsare, kamar gawo da giginya, ba a sare su sai da iznin ma'aikatan gandun daji.

A nan mutanen kwarin Maggiya suna da labari. A da, iskar hunturu tana kwashe ƙasar gonakinsu, iskar farkon damina kuma tana binne shuka da rairayi. A shekarar 1975, a Garadume ta ƙasar Buza, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka fara dasa bedi, wanda waɗansu ke ce ma dogon yaro. Jeri biyu-biyu aka dasa shi, a gicciyen iska, da tazarar metir 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Shekara bisa shekara aka yi ta ƙarawa har shingayen suka kai ɗaruruwan kilometir. Don tare iska aka dasa su. Amma da itatuwan suka girma, sai aka fara sare rassansu bi da bi, aka samu itacen wuta da sandunan gini. Bedi, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne, yana da hali mai kyau: in aka sare shi daga sama, sai ya sake tofo da sababbin rassa miƙaƙƙu. Gara kuma ba ta cika damunsa ba. Iccen turare ma yana ba da sanduna, har sun fi na bedi miƙewa.

Ba kowace sanda ce take tokara ba. Ana son miƙaƙƙiya, marar ruɓa, wadda kaurinta bai gaza santimetir 8 zuwa 10 ba. Tsawo ma yana da magana. A ɗauki guntun karan dawa a tsayar da shi a ƙasa, a danna shi da tafin hannu. Ba zai motsa ba. A ɗauki dogon kara a danna shi haka, nan da nan zai yi baka ya karye. In tsawon siririyar sanda ya ninka biyu, nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta lanƙwashe yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Domin haka ake kafa ma sanduna katako a gicciye a tsakiyarsu, a ɗaure su da juna, kada wata ta samu wurin lanƙwasa.

Gindin sanda shi ne wurin da aka fi yin sakaci. In aka kafa ta bisa rairayi, ruwan da ke ɗiga daga sama zai jiƙa wurin, sai ta nutse. Bisa allo mai faɗi ake tsayar da ita, a cusa ƴan guntayen katako biyu masu siffar bakin gatari a ƙarƙashinta. Da su ake ɗaga ta ko a sauke ta kaɗan-kaɗan har dal ya daidaita. Waɗansu in sanda ta gaza tsawo sai su jera bulo uku ko huɗu su ɗora ta a kai, ko su haɗa guntaye biyu da ƙusa. Wannan ganganci ne. Sanda ɗaya in ta goce, nauyinta yana komawa kan maƙwabtanta, su ma su goce, dal ɗin duka ya rufto bisa waɗanda ke ƙasa.

A manyan garuruwa ana samun sandunan ƙarfe na haya. Bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, ana zaro na ciki a sa masa ƙusa a rami, a murɗa zobe ya daidaita. Suna shekaru suna aiki, kuma ba a sare icce ko ɗaya dominsu.

Ƙarancin itace ya sa waɗansu magina suka bi wata hanya dabam. A shekarar 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara koyar da ginin da ba ya bukatar icce. Da tubalin laka ake rufe ɗaki, a yi masa baka ko ƙubba, kowane jerin tubali yana jingine da wanda ya riga shi. Babu azara, babu kankare, babu kofaraji. Daga ƙasar Nuba, a bakin kogin Nilu, aka samo dabarar.

Ƙarfe

Inda za a zuba abu iri ɗaya sau da yawa, ƙarfe ya fi katako riba. Mai buga bulo shaida ne. Mazubinsa na ƙarfe ne, yana fitar da bulo mai tsawon santimetir 40, ɗaruruwa a yini, kuma na farko da na ƙarshe girmansu ɗaya.

Haka masu ginin rijiya. Rijiyoyin gargajiya da itace ake ɗaure bakinsu, suna rubzawa, wani lokaci da mutum a ciki. Ma'aikatar OFEDES, wadda a da take gina rijiyoyin siminti a karkarar Nijar, ta saba da rijiya mai faɗin metir 1 da santimetir 80. Ga yadda ake ginin irinta. A haƙa zurfin metir ɗaya, a jera ƙarafa a jikin ramin. Sai a sauko da mazubi, wanda fallayen ƙarfe ne lanƙwasassu, a haɗa su da noti su zama zobe. Tsakanin zoben da jikin rami ana barin wajen santimetir 10. Nan ake zuba kankare. In ya kama, a kwance noti, a ƙara haƙa metir ɗaya, a sauke mazubin ƙasa. Haka ake yi har a kai ga ruwa. A cikin ruwa ba a iya zubi, sai a zura waɗansu zobba da aka riga aka zuba a waje, masu ƴan huda a jiki domin ruwa ya shigo. Su waɗannan mazubi biyu suke bukata, na ciki da na waje. Ƙananan rijiyoyin da masu noman albasa suke ban ruwa da su a kwarin Tarka, da zobba irin waɗannan ake ɗaure da yawa daga cikinsu.

Mazubin ƙarfe yana aiki sau ɗari da ɗoriya. Sai dai yana da tsada wurin saye, yana da nauyi, kuma ba a yanka shi a sake masa siffa kamar katako. In an bar shi a rana yakan yi zafin da hannu ba ya taɓawa, sai an zuba masa ruwa kafin a yi zubi.

Akwatin da ba a cirewa

A ginin rijiya an ga wani abu: mazubin ƙarfe gefe ɗaya kawai ya tare, ɗaya gefen ƙasa ce ta riƙe. Haka ake yi a tushen gini. In ƙasar wurin tana da ƙarfi, ana yanka rami daidai faɗin da ake so, a zuba kankare a ciki. A cikin rairayi abin ba ya yiwuwa, gefen ramin zubewa yake yi.

Bango ma yana taimako. In aka fara jera bulo aka bar gurbin ginshiƙi a tsakani, bangon ya tare gefe biyu ke nan, allo biyu sun isa. Wurin rufin bene kuma akwai bulo mai rami da ake kira hurdi, mai kaurin santimetir 16. Ana jera shi layi-layi, a bar ƴar hanya tsakanin layuka domin ƙarfe, a zuba kankare mai kaurin santimetir 4 a sama. Ƙarƙashin hanyoyin nan kaɗai ake sa allo. Hurdi yana zama cikin rufin, katako ya ragu, nauyi ma ya ragu.

Mutanen Keita sun san wani akwati wanda shi ma ba a cire shi, ko da yake ba kankare ake zuba masa ba. A shekarar 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya, da hukumar FAO, da hukumar abinci ta duniya PAM. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa a ƙoramu. Da yawa daga madatsun nan da gabiyo aka yi su. Gabiyo keji ne na waya marar tsatsa, galibi mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 da tsayin metir 1. Ana cika shi da duwatsu, a ɗinke bakinsa, a ɗaure shi da na kusa da shi. Dutse kuwa ba ya ƙarewa a Adar. Mafi yawan masu aikin mata ne, su suka yi ta ɗauko duwatsun a ka. In ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin gabiyo, lanƙwasawa yake yi ya bi ta, ba ya tsagewa kamar kankare.

Ƙananan kaya

Ƙusa da waya su ne suke haɗa akwati. Kafintan kofaraji ba ya buga ƙusa har ta nutse, yakan bar kanta a waje kaɗan, domin ya san zai dawo ya cire ta. Akwai kuma maƙalan ƙarfe da ake matse alluna da su da bugun guduma. Kafin zubi ana sakin igiya mai dunƙulen ƙarfe a gefen akwati, a ga ko a tsaye yake sosai.

Kankare yana manne ma katako. Don haka ake shafa ma cikin akwati mai. Akwai man da aka yi musamman domin wannan aiki, amma a ƙauyuka da baƙin man mota ake yi, wani lokaci a sirka shi da gazuwal. Kaɗan ake shafawa. In ya yi yawa yana ɓata fuskar kankare, shafe ya ƙi kamawa. Kuma kada ya taɓa ƙarafan ciki, domin ƙarfen da ya sha mai ba ya kama kankare.

Abu mafi ƙanƙanta shi ne ƴan guntayen siminti, kamar ƙwallon goriba ko ƙasa da haka, da ake ɗaura ma ƙarafa. Su ne suke hana ƙarfe jingina da katako, domin kankare mai kaurin santimetir 2 da rabi ko 3 ya rufe shi ta kowane gefe. Kuɗinsu bai kai a faɗa ba. Amma inda aka manta da su, nan ake ganin tsatsa ta fito a ƙarƙashin rufi.

Ranar cirewa

Kankare yana samun ƙarfinsa sannu a hankali. A kwana 7 yana da wajen kashi biyu cikin uku. Sai a kwana 28 ake lissafin ya cika. Allunan gefen ginshiƙi ba su ɗauke da nauyi, ana iya cire su bayan kwana ɗaya ko biyu. Na ƙarƙashin dal da sandunansu kuwa sai sun yi kwana 21, masu hankali ma sukan jira 28. A mako na farko ana ba kankare ruwa safe da yamma, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko tsofaffin tabarmin kaba, irin waɗanda ake saƙawa a Madawa.

A nan ne gardama takan tashi. Sandunan na haya ne, kowace rana kuɗi. Kafinta yana son allunansa domin wani aiki yana jiransa. Mai shago yana son ya buɗe kafin ranar kasuwa. Sai wani ya ƙwanƙwasa dal ɗin da guduma ya ce ai ya bushe. Samansa ne ya yi tauri, cikinsa bai gama ba. Dal ɗin da aka cire ma tokara da wuri, ko dai ya faɗo a ranar, ko ya yi ciki ya tsage, ya riƙa yoyo kowace damina. Kuɗin hayar kwana goma bai kai kuɗin buhunan simintin da ke cikinsa ba, balle ran mutum.

Cirewar ma tana da tsari. Ba a fizge sanda da igiya. Guntayen katakon nan na gindi ake bugewa a hankali, sandar ta sauka kaɗan. A ɗaki ana farawa daga tsakiya a nufi bango. A baranda mai fitowa waje, wadda gefe ɗaya kawai take manne da gini, ana farawa daga bakinta na waje a komo ciki. Ba a barin kowa ya tsaya a ƙasa in ba mai aikin ba.

Allunan da aka sauke cike suke da ƙusoshi masu kallon sama. Yaro marar takalmi in ya taka ɗaya yana iya kamuwa da tetanos, ciwo mai sandarar da jiki, wanda yake kisa. Wanda ƙusa ta soka a wanke masa wurin da ruwa da sabulu, a kai shi ɗakin shan magani a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Ɗanyen kankare ma yana cin fata, ba a wasa da shi da hannu.

Allon da ya gama aikin kofaraji ba a yar da shi. Yana zama benci a ƙofar gida, ko ƙyauren akurki, ko teburin mai tireda. Wanda ya sha baƙin mai dai ba a dafa abinci da shi, hayaƙinsa ba shi da kyau.

Tambayoyi da aiki

1. Don me maginin rumbu ba ya bukatar kofaraji, amma mai zuba ginshiƙi yana bukata?

2. Ta ina akwatin ginshiƙi yake fashewa? Ku gwada da gwangwani da ruwa, ku faɗi abin da kuka gani.

3. Ɗaki yana da tsawon metir 5 da faɗin metir 4. Za a rufe shi da dal mai kaurin santimetir 15. Kilo nawa ne nauyin kankaren? Sanda nawa za a kafa in ana sa ɗaya a kowane metir?

4. Ku duba kankaren da ke bisa ƙofar ajinku, ko bakin rijiyar garinku. Ku nemi sawun allo, ko zanen jijiyar katako, ko gaɓar fallayen ƙarfe. Da wane irin kaya aka yi akwatinsa?